Tarhon Gida Ta Hanyar Intanet: Abin Dubawa Kafin Sayen Na'ura Da Zaɓen Kamfani

A ranar 5 ga watan Mayun shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft ya rufe Skype, hanyar nan ta buga waya ta intanet wadda aka ƙirƙiro a shekarar 2003, wadda kuma kamfanin ya saya a shekarar 2011 a kan kuɗi dala biliyan 8 da rabi. Rufewar ta tilasta wa 'yan kasuwa da dama, waɗanda suka shafe shekaru suna kiran abokan hulɗarsu na ƙasashen waje ta wannan hanya, neman wata mafita. Waɗanda abin ya fi damu su ne masu lambar Skype da suka riga suka buga a katunansu da takardun shaidar cinikinsu.

Wannan al'amari ya sake ta da tambayar da masu shigo da kaya daga ƙetare, da dillalai, da masu manyan shaguna suka daɗe suna yi, wato wace na'ura ce ta dace a ajiye a gida ko a ofis domin buga waya ta intanet, kuma wane kamfani ne ya cancanci a danƙa masa amanar lambar da ciniki ya dogara a kanta. Galibin masu saye sukan fara biyan kuɗin na'ura, sa'an nan su shiga neman kamfanin da zai yi aiki da ita. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da kamfani, domin kuɗin na'ura sau ɗaya ake biyansa, na kamfani kuwa kowane wata yana nan.

Tarhon da aka sani a da, irin na zamanin NITEL, yana bin igiyar jan ƙarfe ne daga gida zuwa ofishin tarho, inda ake keɓe wa masu magana biyu layi guda har su gama. Na intanet kuwa yakan mayar da murya lambobi, ya yayyanka su ƙanana-ƙanana, ya tura su ta hanyar da saƙonnin kwamfuta suke bi, a can ɗaya ɓangaren a sake harhaɗa su su koma murya. Masana suna kiran wannan fasaha VoIP. Kamfanin VocalTec na Isra'ila ne ya fara fito da ita kasuwa a shekarar 1995, sa'an nan a shekarar 1999 aka wallafa wata ƙa'ida ta bai ɗaya mai suna SIP, wadda ta sa na'urar wannan kamfani za ta iya fahimtar ta wancan. Mai saye ya riƙe wannan suna da kyau, domin zai sake cin karo da shi a jikin kwalin na'ura.

Wani zai ce mene ne amfanin duk wannan alhali ga WhatsApp a aljihun kowa. Amsar ita ce, kiran WhatsApp yana tsayawa ne tsakanin masu manhajar kawai. Ba ya shiga lambar tarhon banki, ko ta kamfanin jiragen ruwa, ko ta ofishin jakadanci. Bugu da ƙari, ƙasar Sin ta toshe WhatsApp tun shekarar 2017, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta daɗe tana taƙaita kiran murya ta irin waɗannan manhajoji. Saboda haka mai sarin kaya a Guangzhou ko Dubai yakan buƙaci hanyar da za ta kai shi ga lambar tarho ta ainihi. Akwai kuma batun mallaka: lambar da ke kan teburin shago ta shago ce, ba ta tafiya da yaron shago ranar da ya bar aiki.

Kamfanonin da ke wannan harka ba iri ɗaya ba ne

Akwai kamfanonin da ke sayar da na'ura da layi a haɗe, kamar Vonage, da magicJack, da Ooma, dukkansu na Amurka. Haɗa su ba wuya, sai dai a jona a fara magana. Amma an tsara su ne domin mazauna Amurka da Kanada, sukan nemi adireshin can, kuma na'urorinsu a kulle suke, wato ba sa aiki da wani kamfani dabam. Duk wanda ɗan'uwansa ya aiko masa da irin wannan akwati daga waje, ya sani cewa ranar da ya rabu da kamfanin, akwatin ya zama kayan ado.

Akwai kuma waɗanda layi kawai suke sayarwa, su bar mutum ya zo da na'urarsa, kamar VoIP.ms na Kanada da Callcentric na Amurka. A nan akan zuba kuɗi tun farko, a riƙa cirewa gwargwadon mintocin da aka yi. Sai kuma kamfanonin cikin gida masu lasisin Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, irin su ipNX da 21st Century Technologies, waɗanda ke ba da lambar tarho ta Nijeriya. Ga wanda abokan cinikinsa a cikin ƙasa suke, wannan ne ya fi ma'ana, domin ba mai sayen buhun shinkafa da zai yarda ya buga lambar Amurka don ya tambayi farashi. Ya kamata a tuna cewa daga ranar 1 ga Janairun 2024 hukumar ta sauya tsarin lambobin tarhon girke, aka ƙara 02 a gaba, ta yadda na Legas suka koma farawa da 0201, na Abuja 0209, na Kano kuma 02064. Wanda bai gyara allon shagonsa ba yana iya asarar kira bai sani ba.

Wajen kwatanta farashi ne aka fi yaudarar mai saye. Adadin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a talla galibi na kiran Amurka ne, inda kiran salula da na tarhon girke kusan kuɗinsu ɗaya. A yawancin ƙasashen Turai da Afirka kuwa, kiran salula ya fi tsada, wani lokaci ninki-ba-ninki. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi shi ne ya zauna ya rubuta ƙasashe uku ko huɗu da ya fi kira, ya raba lambobin salula da na girke, sa'an nan ya nemi cikakken jadawalin farashin kowane kamfani ya duba waɗannan layuka kaɗai. Sauran ƙasashen da ke jadawalin ba su shafe shi ba.

Bayan farashin minti, sai yadda ake ƙirga mintin. Wani kamfani daƙiƙa-daƙiƙa yake lissafi, wani daƙiƙa shida-shida, wani kuma minti cikakke, ta yadda maganar daƙiƙa 61 za a caje ta a matsayin minti 2. Ga ɗan kasuwar da yawancin kiransa gajeru ne, irin na tambayar ko kaya sun iso, wannan bambanci yana iya cinye duk rangwamen da aka yi masa alkawari. Wasu kuma sukan ɗora kuɗin haɗa kira a kan kowane bugu, ko su sa wa'adin da kuɗin da aka zuba zai ƙone idan ba a yi amfani da shi ba. Shi ma tsarin nan da ake cewa a yi magana ba iyaka, in aka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, akan tarar yana da iyaka, kuma da wuya salular Nijeriya ta shiga ciki.

Dalilin haka a bayyane yake. Duk kiran da ya shigo Nijeriya daga waje, akwai kuɗin da ake biyan kamfanin da ya kai shi ga mai karɓa, kuma daga ranar 1 ga Satumban 2022 hukumar NCC ta tsayar da wannan kuɗi a kan senti 10 na dalar Amurka a kowane minti. Don haka idan wani kamfanin waje ya yi tallar kiran Nijeriya a farashin da ya yi ƙasa da wannan sosai, to akwai alamar tambaya a kan hanyar da yake bi. Masu bin ɓarauniyar hanya sukan sauya lambar mai kira ta fito kamar ta cikin gida, abin da hukumar ta yi ta yaƙi da shi a shekarar 2018. Sakamakonsa ga ɗan kasuwa shi ne murya mara kyau, da kiran da ke yankewa, da baƙuwar lamba wadda abokin ciniki zai gani ya ƙi ɗauka. Araha dai ba ta ado.

Har ila yau kamfanonin waje da dala ake biyansu. Bayan da aka saki Naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yunin 2023, dalar da ake saye a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Layin da yake da sauƙi a lissafin dala yana iya ninka kuɗinsa a lissafin Naira ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba.

Na'urar da za a saya

Idan an tsayar da kamfani, zaɓen na'ura ba ya ɗaukar lokaci. Wanda yake da tsohon tarho mai kyau a gida, abin da yake buƙata shi ne ƙaramin akwatin haɗi da ake kira ATA, wanda ake jona tarhon a gefe ɗaya, igiyar intanet a ɗaya gefen. Kamfanin Grandstream yana ƙera HT801 mai ɗaukar tarho ɗaya, da HT802 mai ɗaukar biyu. Wanda kuma yake son tarhon ofis mai allo, mai iya riƙe layuka da yawa da miƙa kira daga tebur zuwa tebur, sai ya nemi tarhon intanet na musamman irin na Yealink, ko Grandstream, ko Cisco. Sharaɗin dai guda ne a kan dukkansu: na'urar ta kasance mai aiki da SIP, kuma ba a kulle take ga wani kamfani ba. A kula musamman da na hannu da ake shigowa da su daga ofisoshin ƙasashen waje, domin da yawansu suna zuwa ne da kullen tsohon mai su. Gara a sa mai sayarwa ya kunna ta ya shigar da bayanan layi a gaban mai saye kafin kuɗi su bar aljihu.

Kayan da aka ƙera domin kasuwar Amurka suna da wasu matsaloli biyu. Wutar can bolt 120 ce, ta Nijeriya kuwa 230, saboda haka a duba jikin cajar a tabbatar an rubuta 100 zuwa 240. Sa'an nan tarho mara igiya mai tambarin DECT 6.0 yana aiki ne a zangon da ya faɗa cikin wanda kamfanonin salula ke amfani da shi a Turai da Afirka, yana kuma iya kawo musu cikas. Dokar sadarwa ta shekarar 2003 ta tanadi cewa kayan sadarwa sai sun sami amincewar NCC kafin a yi amfani da su a ƙasar.

Babbar matsalar da masu talla ba sa ambata ita ce wutar lantarki. Tsohon tarho daga ofishin tarho yake samun wutarsa ta cikin igiya, shi ya sa yake aiki ko an ɗauke wuta. Na intanet kuwa da an ɗauke wuta ya mutu, shi da rautar da ke ba shi intanet. Ko a Ingila, inda aka shirya kammala mayar da tarhon gidaje kan intanet a watan Disamban 2025, sai da aka ɗage zuwa Janairun 2027 saboda damuwa a kan tsofaffi da marasa lafiya waɗanda na'urorinsu na neman agaji suka dogara da tsohon layi. Abin farin ciki shi ne rauta da akwatin haɗi ba su da cin wuta, biyun a haɗe ba su cika wuce wat 20 ba, don haka ƙaramin batir na musamman ko inbata zai riƙe su sa'o'i da dama. Kuɗin wannan batir ya shiga cikin lissafi tun ranar farko.

Game da layin intanet kuwa, murya ba ta buƙatar gudu mai yawa. Tsarin G.711, wanda ke ba da murya irin ta tsohon tarho, yana cin kimanin megabait 1.3 a minti idan aka haɗa fita da shigowa, na G.729 kuma bai kai rabin haka ba. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri da tangal-tangal. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin tafiyar murya ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa, in ya zarce haka sosai sai masu magana su fara katse juna. Tsofaffin taurarin ɗan'adam da ke nisan kilomita 36,000 sun wuce wannan iyaka, amma na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, suna kusa da ƙasa ƙwarai, kimanin kilomita 550. Igiyar faiba ce ta fi kwanciyar hankali inda ta iso. Intanet na salula yana yi, sai dai yakan raunana da yamma lokacin da jama'a suka yi yawa a kai. Idan kuma ana jin ɓangare ɗaya kawai, sau da yawa laifin wani saiti ne a cikin rauta mai suna SIP ALG, kashe shi kan warware matsalar. Mai hankali zai zuba kuɗi kaɗan ya gwada kamfani na mako guda, safe da yamma, kafin ya buga lambar a ko'ina.

Akwai ɓarayin da sana'arsu ke nan, laluben na'urorin da aka bari da kalmar sirrin da suka fito da ita daga masana'anta. In sun samu, sai su kwana suna buga lambobi masu tsada na ƙasashen waje da layin mutum, su raba ribar da masu lambobin. Maganinsu shi ne a sauya kalmar sirri ranar da aka kunna na'ura, a rufe kiran duk ƙasar da ba a hulɗa da ita, a kuma guji barin kamfani yana cire kuɗi daga kati kai tsaye ba tare da iyaka ba.

Tambayoyi biyu ne suka rage da za a yi wa kowane kamfani, kuma a nemi amsarsu a rubuce. Ta farko, shin mai layi zai iya ɗauke lambarsa ya koma wani kamfani in ya ga dama, kuma nawa zai biya? Ta biyu, shin layin yana kiran lambar gaggawa? A Amurka tun shekarar 2005 aka wajabta wa irin waɗannan kamfanoni haɗa masu layi da lambar 911, amma wannan na mazauna can ne. Layin kamfanin waje da aka girke a Kano ko Fatakwal ba zai kai mutum ga lambar 112 ta Nijeriya ba, saboda haka salula mai caji ta kasance a kusa da tarhon a kowane lokaci.