Yadda Ake Yi wa Ganye Inuwa da Fensir

Ganye ba a shimfiɗe yake ba. Ɗauki na mangwaro ka duba: jijiyar tsakiya ta raba shi biyu, kowane ɓangare da karkatarsa, don haka ɗaya ya fi ɗaya samun haske. Masu zanen tsirrai sukan sa hasken ya sauko ta hagu.

A fara shafawa sama-sama da fensir mai tauri, 2H, sannan a ƙara duhu da HB da 2B inda ganyen ya lotsa. Jijiyoyin kuwa kada a ja musu baƙin layi. A bar su da haske, a duhunta gefensu, sai su taso. Murza zane da yatsa ɓarna ce, domin maiƙon hannu kan dusashe shi. Inda ganyen ke ƙyalli, a bar farin takarda.