Gaurayayyen insulin: Yadda allura ɗaya ke yin aiki biyu ga mai ciwon suga

Jikin ɗan Adam yana buƙatar insulin ta fuska biyu: ɗan kaɗan da ke aiki dare da rana, da kuma ƙarin da ke tarbar sugan da ke hauhawa bayan cin abinci. Mai ciwon suga da ke son biyan buƙatun biyu daban-daban kan yi allura huɗu a yini. Domin rage wannan wahala aka haɗa nau'i biyu cikin kwalba ɗaya.

A Mixtard 30 na kamfanin Novo Nordisk da Humulin 70/30 na Eli Lilly, kashi 30 cikin ɗari mai saurin aiki ne, kashi 70 kuma nau'in NPH ne mai daɗewa a jiki. Galibi ana yin allurar sau biyu, kimanin minti 30 kafin karin kumallo da abincin dare. NovoMix 30 kuwa ya fi saurin kamawa, don haka daf da cin abinci ake yin sa.

Sai dai sauƙin yana da sharaɗi. Tunda ba a iya ƙara ɓangare ɗaya a rage ɗaya, dole lokacin cin abinci ya tsaya daram. Wanda ya yi allura bai ci ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 mg/dL, da alamun gumi, rawar jiki, jiri da ruɗewa. Matakin gaggawa shi ne shan gram 15 na sukari, kwatankwacin babban cokali ɗaya, a sake gwaji bayan minti 15. Shi ya sa likitoci ke sauya adadin allurar ga mai niyyar azumin Ramadan.

Akwai wasu kurakurai masu haɗari. Ruwan maganin gurɓi-gurɓi yake, sai an mirgina kwalbar tsakanin tafukan hannu ya gauraya. Sirinjin U-40 ba na insulin mai ƙarfin U-100 ba ne. Haɗa su na sa mutum ya ɗura ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa.

Kwalbar da ba a buɗe ba tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos, ba tare da ta daskare ba. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, sanyin randar ƙasa yana kare maganin daga zafi, muddin ruwa bai taɓa bakin kwalbar ba.