Yadda ƙwayoyin jiki ke yi wa kansu faci

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da tantani da ya lulluɓe ta, kamar fatar da ke riƙe da gwaiduwar ƙwai. In ya yage bai toshe ba, ƙwayar ta mutu.

To, yagewar nan kullum ana yinta. Manomin da ya wuni yana kabtu a gonakin rani na Jiratawa, da ɗan dako mai ɗaukar buhu a kasuwar Maraɗi, da matar da ke daka a Tibiri, duk tantanin ƙwayoyin tsokarsu yana ɗan tsagewa.

Mi ke rufe tsagar? Akwai wani sinadari, kalsiyum, irin wanda ke cikin nono da ƙashi. A wajen ƙwaya ya ninka na ciki kusan sau 10.000. Da tantani ya huje, sai ya kwarara ciki. Shi ne ƙararrawa. Nan take wasu ƴan jakunkuna da ke cikin ƙwayar su taru a bakin hujin, su manne, su like shi, tamkar mai facin taya. Ko minti guda ba a yi, aiki ya ƙare.

Amma faci yana da iyaka. In aiki ya wuce kima, ga zafin rana, ga ƙishirwa, ƙwayoyi da yawa su fashe, abin cikinsu ya shiga jini ya wahal da ƙoda. Wanda ya ga fitsarinsa ya koma launin shayi bayan aiki mai tsanani, kada ya tsaya shan ƙwayar kashe gajiya. Ya sha ruwa, ya tafi likita a ranar.