Kwamfutarka ta ƙi tashi? Kada ka yi gaggawar yarda a yi mata fomat

Akwai rubutun da ke faɗar da gaban duk mai kwamfuta. Ka kunna ta, maimakon Windows ta buɗe, sai baƙin allo ya fito ɗauke da "Boot Device Not Found" idan HP ce, ko "No bootable devices found" idan Dell ce. Ma'anarsa ita ce kwamfutar ta nemi faifan ajiyar da za ta tashi daga kansa, ba ta gan shi ba.

Daga nan sai a garzaya wajen mai gyara, kuma abin da aka fi ji shi ne, "sai an yi fomat." Cikin awa guda kwamfuta ta dawo aiki, amma kundin binciken ɗalibi, lissafin shago da hotunan biki duk sun tafi. Abin takaicin shi ne sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, saiti ne kawai ya sauya.

Kafin Windows ta farka, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban allon kwamfutar, wadda ake kira BIOS, sabon samfurinta kuma UEFI. Ita ke duba kayan ciki, ta zaɓi faifan da za a tashi da shi. Ana shiga cikinta ne da zarar an kunna kwamfuta: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad na Lenovo.

Tambayar farko a can ita ce: shin sunan faifan ya fito a jerin kayan da BIOS ke gani? Idan ya fito, to da sauran fata.

Batirin da ba a tunawa da shi

Yawancin kwamfutocin da ake saye a kasuwanni irin na titin Beirut a Kano ko Computer Village da ke Ikeja na hannu ne, sun yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso. A cikinsu akwai wani batiri mai kama da kwabo, galibi CR2032 mai ƙarfin bolt 3, wanda ke riƙe agogo. A kwamfutoci da dama, idan ya mutu saitin BIOS kan koma yadda ya fito daga kamfani. Alamarsa ba ta ɓuya, za ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya.

Ga inda matsalar take. Hanyoyi biyu ake tayar da kwamfuta, tsohuwa da ake kira Legacy, da sabuwa ta UEFI. Tsohuwar na tafiya da tsarin rabon faifai na MBR, wanda ba ya wuce terabait 2, sabuwar kuma da GPT. Idan wanda ya sa maka Windows ya bi tsohuwar hanya, sannan batiri ya mutu saiti ya koma UEFI, kwamfutar za ta dubi faifan ta ce ba ta ga abin tashi ba, alhali komai na nan. Mayar da saitin yadda yake, aikin minti biyu ne.

Haka abin yake da saitin da ke tsara yadda kwamfuta ke magana da faifai. Kwamfutocin Dell da yawa kan fito daga kamfani a kan "RAID On", masu gyara kuma kan mayar da su AHCI kafin su sa Windows. Duk ranar da saitin ya juya, Windows za ta fara buɗewa sai ta tsaya da saƙon "INACCESSIBLE BOOT DEVICE". Wani lokacin ma abin bai kai nan ba, filash ne aka manta a jiki kwamfutar ke ƙoƙarin tashi daga kansa.

Wannan matsala ta ƙara samun ƙofa tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na buƙatar UEFI da TPM 2.0, don haka mutane ke shiga BIOS suna juya saiti bayan sun kalli bidiyo a YouTube, ba tare da sun fara sauya faifan zuwa GPT ba. Alhali akwai MBR2GPT, manhajar da ke cikin Windows 10 tun 2017, wadda ke yin sauyin ba tare da goge komai ba. A ganina, duk mai shirin taɓa BIOS ya fara ɗaukar hoton kowane shafi da wayarsa. Ba ya cin ko sisi.

Idan faifan ne da kansa fa?

Idan BIOS ba ta ga faifan ba sam, a kashe kwamfutar, a zare shi a sake zaunar da shi da kyau, domin jijjigar hanya ko faɗuwa kan sassauta shi. HP da Dell duk suna da gwajin lafiyar faifai da ke aiki ko Windows ba ta buɗe ba, ta F2 a HP, ta F12 a Dell.

Amma idan tsohon faifai ne mai juyawa, kuma kana jin yana ƙas-ƙas, kashe ta nan take. Kowace kunnawa na iya ƙara karce inda bayanan suke. Sabon faifai na SSD kuwa ba shi da abin da ke motsi, don haka ba ya ƙara. Yakan mutu ne shiru.

Ko da ta kama sai an sake sa Windows, ka nemi mai gyara ya fara ciro faifan, ya sa shi a ɗan akwatin da ake jonawa ta USB, ya kwafe maka fayilolinka a wata kwamfutar. Abu ɗaya zai iya tare hanya, wato BitLocker, makullin da Windows ke ɗaure bayanai da shi. Sauya saitin BIOS ko kai faifan wata kwamfuta kan sa ya nemi lambobin buɗewa guda 48. A kwamfutar da ba ta ofis ba, galibi suna ajiye a asusunka na Microsoft, kuma kana iya duba su ta waya. Idan babu su, babu mai gyaran da zai iya buɗe maka faifan.