Haƙar Mai a Tsakiyar Teku: Shirin Ko-ta-kwana Ya Tsaya a Takarda

A watan Disambar 2024 kamfanin Shell ya amince zai zuba kuɗi a aikin haƙar mai na Bonga ta Arewa da ke cikin teku, kuma cikin Maris na 2025 ya kammala sayar wa kamfanin Renaissance rijiyoyinsa na kan tudu. ExxonMobil ma ya miƙa wa kamfanin Seplat nasa na kusa da gaɓa. Manyan kamfanoni na tattara komatsansu suna nausawa ruwa mai zurfi, gwamnati na murnar jarin da zai shigo, amma babu mai tambayar wa zai kwashe man idan rijiya ta ɓalle a can. Shirin da Najeriya ke da shi bai kai girman haɗarin ba.

Ba rashin doka ba ne matsalar. Tun 2006 aka kafa hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai, kuma tilas kowane kamfani ya gabatar da shirinsa na tunkarar malalar mai, wadda aka kasa mataki uku gwargwadon yawanta. Inda gizo ke saƙar shi ne mai sa ido ya dogara ga wanda yake sa wa ido. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yankin Ogoni a 2011 ya nuna cewa jami'an gwamnati kan jira kamfani ya ba su abin hawa kafin su isa inda mai ya malala. Idan haka ake fama a fadamun Neja Delta, ina ga wurin da ke da nisan kilomita 120 daga gaɓa? Can Bonga yake, kuma can gangar mai kusan 40,000 ta tsiyaye a Disambar 2011, bisa lissafin Shell da kansa. NOSDRA ta ci shi tarar dala biliyan 3.6, maganar ta shige kotu. Mutanen gaɓa da suka kai ƙara Ingila kuwa, a 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce sun makara.

Tarar da dokar 2006 ta tanada ma ba ta tsorata kowa: naira 500,000 kowace rana ga wanda bai ba da rahoto cikin awa 24 ba, da naira miliyan 1 ga wanda ya ƙi share wurin.

Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a 2010, lokacin da dandalin Deepwater Horizon ya fashe, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Shirin kamfanin BP, mai rijiyar, da hukuma ta sa wa hannu har da kariyar wata dabbar ruwa da ba ta rayuwa sai yankunan ƙanƙara, alamar kwafo shi aka yi ba a karanta ba. Daga nan aka wajabta wa mai haƙa ya nuna cewa na'urar toshe bakin rijiya na kusa da shi.

Kamfanonin kan ce a teku babu masu fasa bututu, kuma na'urori sun inganta. Gaskiya ne malala ta fi yawa a kan tudu. Sai dai ta teku ɗaya tak na iya rufe wa masuntan jihohi da dama hanyar abinci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin Bonga ta Arewa ta fara fitar da mai, ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara dokar NOSDRA: a ba ta jiragen ruwa da kuɗin kanta, a danganta tara da yawan man da ya zube, kuma a hana lasisi ga duk kamfanin da bai gwada shirinsa a kan ruwa gaban jami'ai ba.