Me ya sa hoto ke tsinkewa idan an haɗa waya da talabijin? Abubuwan da masu kallo a Gagarawa ya kamata su duba

Bayan sallar isha'i a gidaje da dama na Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, akan shimfiɗa tabarma a gaban filasma, wani matashi ya ɗauko wayarsa ya tura hoton kan babban allo. Wata rana ƙwallon Ingila ce, wata rana sabon zangon Labarina ko Izzar So a YouTube, lokacin azumi kuma tafsiri.

Ana cikin kallo sai hoton ya daskare, 'yar da'irar nan ta hau juyawa, ko kuma allon ya yi baƙi ɗungurungum. Nan take kowa zai ce sabis ne.

Sau da yawa kuwa sabis ba shi da laifi. Kuma rashin gane inda matsalar take yana cin kuɗi: wani ya canja layi, wani ya sayi sabuwar na'ura, wani ya yi ta ƙona data yana maimaita bidiyo ɗaya. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan asara ta ƙara nauyi. Ga mai ƙaramin gidan kallo kuma, tsinkewar hoto daidai lokacin bugun fanareti na iya sa 'yan kallo su koma wajen maƙwabcinsa a mako mai zuwa.

Hanya biyu ce, ba ɗaya ba

Kafin hoto ya iso talabijin, yana bin hanyoyi biyu. Ta farko daga turken sabis zuwa gida, wato zuwa rauta, ko maifai, ko wayar da ke raba data. Ta biyu a cikin gidan ne, daga waya ko rauta zuwa talabijin ta waifai. Kowacce na iya yin rauni ita kaɗai.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A buɗe wani bidiyo da yake ajiye a cikin waya, wanda ba ya buƙatar intanet, a tura shi kan talabijin na minti 10. Idan ya tafi sumul, to intanet ɗin da ke shigowa ce ba ta isa. Idan shi ma ya riƙa tsinkewa, matsalar tana cikin gida, kuma canja layi ba zai magance ta ba.

Madubi da aike

Hanyoyin tura hoto ma iri biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko kamar madubi yake. Duk abin da ke fuskar waya shi ke fitowa a talabijin. Haka Miracast yake aiki, wanda shi ne tushen Smart View na Samsung, kuma shi yawancin wayoyin Tecno, Infinix da itel ke amfani da shi, haka ma ƙananan na'urorin AnyCast da ake sokawa a bayan talabijin. A nan wayar ce ke ɗaukar dukkan wahala: ta karɓi bidiyo, ta sake sarrafa shi, ta aika. Idan kuma ta waifai take samun intanet, hanya ɗaya ce ke ɗaukar shiga da fita.

Na biyu aike ne. Idan aka danna alamar turawa da ke cikin manhajar YouTube, wayar na gaya wa talabijin inda bidiyon yake ne kawai, talabijin ta je ta ɗauko da kanta. Wayar ta zama rimot. Wannan shi ne salon da Google ya yaɗa da na'urar Chromecast tun 2013. Duk wanda talabijinsa ke da YouTube a ciki, wannan hanya ta fi masa kwanciyar hankali, don ko kira ya shigo, hoton ba zai tsaya ba.

Sharaɗi ɗaya ne: waya da talabijin su kasance a kan waifai guda. Idan ɗaya na kan layin baƙi na rauta, sau da yawa ba za su ga juna ba.

Katanga, kwano da randa

Waifai na tafiya a kan zango biyu, 2.4 da 5 na ma'aunin gigahaz. Zangon 2.4 ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, domin a nan lasifikar Bluetooth da waifan maƙwabta suke. Zangon 5 ya fi sauri da tsabta, sai dai bai cika jure katanga ba. Wasu rautocin kan rubuta 5G a ƙarshen sunan wannan zango, amma ba shi da alaƙa da sabis ɗin 5G na kamfanonin waya.

Tsarin gidajen wannan yanki na da tasiri sosai. Galibi ɗakuna a rarrabe suke, tsakar gida a tsakani. Ginin ƙasa mai kauri yana shanye sigina, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi suna mayar da ita baya, ruwa ma yana rage mata ƙarfi, don haka randa ko tankin ruwa a tsakanin rauta da talabijin cikas ne. Rautar da aka bari a zaure ba lallai ta kai ɗakin uwargida da ƙarfinta ba.

Maganin ba ya cin ko kwabo. A kawo rauta ɗakin da ake kallo, a ɗora ta a sama, a sarari, kusa da taga don ta kama sabis. Kada a ɓoye ta a bayan talabijin ko cikin kabad. Idan ɗaki ɗaya suke da talabijin, a zaɓi zangon 5. Idan dole sai 2.4, a shiga saitin rauta a gwada tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, su ne ukun da ba sa hawa kan juna.

Wuta da zafi

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne wuta. Ƙiftawar Nepa ta daƙiƙa ɗaya, ko sauyawa zuwa janareta ko sola, ta isa ta kashe rauta, kuma kafin ta farfaɗo ta sake kama sabis sai an yi minti ɗaya ko biyu. Ƙaramin batirin ajiya na rauta yana toshe wannan kafa.

Na'urar da ake sokawa a talabijin ma tana da nata. Mutane kan jona wutarta a ramin USB na talabijin, alhali wasu ramukan ba sa ba da isasshiyar wuta, sai ta riƙa mutuwa tana tashi. A gwada jona ta da kan caja mai kyau a soket.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin arewacin Jigawa kan haura digiri 40, alhali kamfanin Apple, alal misali, ya ce an ƙera wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 ne. Wayar da ke caji, tana raba data, tana kuma tura hoto, za ta yi zafi, kuma idan ta yi zafi da kanta take rage gudu don kare kanta. A cire mata riga, a ɗauke ta daga kan katifa, a ajiye inda iska ke bugawa. A kuma kashe tsarin tanadin batir, don yakan katse aikin turawa da zarar fuskar waya ta mutu.

Idan sabis ɗin ne fa?

Idan gwajin farko ya nuna intanet ce, to a duba nauyin da aka ɗora mata. YouTube na ba da shawarar gudun megabit 5 a daƙiƙa ga hoton 1080p, 2.5 ga 720p, sai 1.1 ga 480p. Sauko da hoto zuwa 720p ko 480p sau da yawa shi ke kawo ƙarshen daskarewa, kuma aljihu ma zai huta: hoton da ke jan megabit 5 yana cinye sama da gigabait 2 a awa guda, mai jan 1.1 kuwa kusan rabin gigabait.

A kuma ƙirga masu jan data. Idan yara uku na TikTok a kan waifai ɗaya, talabijin ragowa take samu. Turken sabis ma rabawa yake yi tsakanin duk waɗanda ke kansa, shi ya sa gudu kan ragu da daddare, ko ranar Alhamis a Maigatari lokacin da kasuwa ta cika ta batse.

Mazauna bakin iyaka suna da ƙarin abin lura. Waya na iya tsallakawa ta kama sabis ɗin Nijar ba tare da mai ita ya sani ba, data ta tsaya ko kuɗi ya zube. A shiga saiti a zaɓi kamfanin da hannu, a kashe yawon data na ƙetare.

Inda sabis ke da rauni ƙwarai, dabarar ita ce a sauke fim ko karatu tun da wuri, lokacin da layi ya yi sauƙi, a kalla daga baya. Ƙwallon kai-tsaye ce kaɗai ba ta da wannan gata.

Kafin a kashe kuɗi

Igiya ta fi iska tabbas. Idan talabijin na da ramin igiyar intanet a baya kuma rauta na kusa, jona su kai-tsaye yana cire rabin matsalar. Amma a yi hattara da igiyar haɗa waya da ramin HDMI, domin yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba sa fitar da hoto ta ramin caji. A gwada ta a shago da wayar da za a yi amfani da ita kafin a biya.

Ga wanda zai bi abin daki-daki: ya kashe rauta da talabijin na rabin minti ya kunna, ya yi gwajin bidiyon da ke cikin waya, ya matso da rauta, ya duba wuta da zafi, sannan ya rage girman hoto. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, don a san wanda ya yi maganin. Sai waɗannan sun gaza ne maganar sabon layi ko sabuwar na'ura za ta taso, kuma a lokacin mai gida ya riga ya san abin da zai je nema a kasuwar Gumel.