AKAWUN LAUYA DA IRIN HORON DA YA KAMATA YA SAMU

Duk wanda wata lalura ta taɓa kai shi ofishin lauya ya san ba lauya ya kan fara gani ba. Da shigarsa sai ya tarad da wani saurayi ko wata yarinya zaune bayan tebur, ga fayil-fayil jibge a gefe, ga kwamfuta a gaba. Shi zai tambaye shi sunansa da abin da ke tafe da shi, shi zai karɓi takardunsa, shi kuma zai gaya masa ranar da zai komo. Wannan shi ne akawun lauya, wanda yanzu wasu ke ce wa sakatare.

Mutane da yawa sun ɗauka aikinsa bai wuce buga takardu da amsa waya ba. Alhali kuwa gonar mutum, ko gidansa, ko gadon marayu, suna iya salwanta saboda kuskuren kwana ɗaya tak da akawun nan ya yi. Don haka muka ga ya kyautu mu yi wa masu karatu bayanin aikin nan da horon da ya ke bukata, musamman samari da 'yan matan da suka gama makaranta suna neman abin yi, da iyayen da ke ba su shawara.

INDA AKE KOYO

Koyon aikin akawu ba baƙon abu ba ne a Arewa. Jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe makarantar horon akawuna a Zariya, don samar wa Gwamnati da En'e-En'e ma'aikatan ofis. A 1954 aka ɗaukaka ta, ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, a 1962 kuma aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello. Da aka tsara sabuwar dokar hukunta laifuffuka ta Jihar Arewa a 1959, wadda ta soma aiki ran 30 ga Satumba, 1960, a can aka riƙa tara alƙalai da ma'aikatan kotu ana koya musu ita. Watau tun asali aikin ofis da aikin shari'a tare suka tashi a wurin nan.

A zamanin nan abin da ake nema ga akawu shi ne kyawun rubutun hannu, da saurin buga tafireta, da gajeren rubutu na ɗaukar magana daga bakin maigida. Yau kwamfuta ta gaji tafireta. Kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasar nan, waɗanda hukumar NBTE da aka kafa a 1977 ke duba tsarin karatunsu daga Kaduna, suna da kos na fasahar ofis da tafiyar da shi. Shi ne wanda a da ake kira kos ɗin sakatare. Ana yin shekara 2 a sami ƙaramar difloma, wanda ya so ya ƙara 2 ya sami babba. A cikinsa akwai buga takardu, da tsara fayil, da rubuta wasiƙun ofis, da ɗan lissafin kuɗi.

To, amma wannan duka share fage ne. Ofishin lauya yana da ƙa'idodinsa waɗanda ofishin kanti ko na kamfanin sufuri ba su da su, galibi kuwa sai a bakin aiki ake koyonsu, a hannun lauya ko tsohon akawu. Guda uku daga cikinsu su ne ginshiƙi: ƙidayar kwanaki, da sa hannu, da riƙon asiri.

ƘIDAYAR KWANAKI

Shari'a ba ta jiran kowa. Doka ta yanka wa kusan kowane mataki wa'adi, in ya wuce kuwa ko mutum na da gaskiya sai ya sha wahala kafin a saurare shi, wani lokaci ma ba za a saurare shi ba sam. Ga misalai. Wanda Babbar Kotu ta yanke wa hukunci na ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba, yana da wata 3 ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. In kuwa ƙaramin hukunci ne da aka yi a tsakiyar shari'a, kwana 14 kaɗai gare shi. Wanda ya makara yana iya roƙon ƙarin lokaci, amma sai ya kawo hujja, kuma sai kotu ta ga dama. Ƙarar zaɓe ta fi tsanani, don Tsarin Mulki ya ce a shigar da ita cikin kwana 21 daga ranar da aka faɗi sakamako, kotun zaɓe kuma ta yanke hukunci cikin kwana 180. Nan babu ƙari, babu roƙo.

A ce wani manomi ya sha kaye a rigimar gona, ya sayar da buhunan hatsinsa ya biya lauya don a ɗaukaka ƙara. Lauya ya shirya takardu ya miƙa wa akawu, ya tafi wata shari'a a wani gari. In akawun nan bai rubuta ranar ƙarshe cikin littafin ranaku ba, ya ajiye fayil ƙarƙashin wasu, to, ranar da za a tuna sai a tarar bakin alƙalami ya bushe. Saboda haka darasin farko da ake koya wa sabon akawu shi ne, duk takardar da ta shigo ofis a buga mata ranar shigowa nan take, a lissafa wa'adinta, a rubuta a littafi, a kuma tuna wa lauya tun da sauran kwanaki. Haka nan in ya kai takarda ofishin rajistaran kotu, kada ya baro wurin sai ya biya kuɗin da aka yanka, ya karɓi rasit, ya ga hatimin kotu da kwanan wata a kan kofen ofishinsu. Daga nan sai ya bi sawu har masinjan kotu ya kai wa abokin shari'a tasa, don shari'ar da aka yi ba a sanar da wanda ake ƙara ba ana iya rushe ta komai nisan da ta yi.

SA HANNU

Na biyu, akawu ya san iyakarsa. Lauya shi ne wanda ya yi digiri a fannin shari'a, ya wuce Makarantar Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 1962 ta soma karatu a Ikko a 1963, sa'an nan aka rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Wanda ba ya cikin rajistar nan, in ya yi shigar burtu ya ce shi lauya ne, ya yi laifi a doka. Don haka komai daɗewar akawu a ofis, ba shi da ikon ba mutane fatawar shari'a, ko sa hannu a madadin maigidansa.

Maganar sa hannu ba wasa ba ce. A 2007, cikin shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya shi kansa, ta ce ofis ba lauya ba ne. A 2012 ta sake jaddada wannan hukunci. Shari'u da dama sun faɗi ta nan, ba don masu su ba su da gaskiya ba. Har wa yau ƙa'idodin aikin lauyoyi sun ce a manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi a kan takardar da lauya ya sa wa hannu. Akawun da ya sami horo shi ne ido na ƙarshe: kafin takarda ta fita sai ya duba sunan lauya, da sa hannunsa, da hatiminsa, da lambar ƙara, da sunayen masu shari'a harafi bayan harafi.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu ƙwarai. Harshen manyan kotuna Turanci ne, yawancin masu zuwa neman hakkinsu kuwa Hausa suke ji. Doka ta ce in wanda bai iya karatu ba zai yi takardar rantsuwa, a karanta masa a fassara masa, a kuma rubuta a gindinta cewa an yi haka ya gane, kafin ya dangwala yatsa. Sau da yawa akawu ne tafinta tsakanin lauya da mai ƙara. In ya juya jingina ta koma sayarwa, ko aro ya koma kyauta, ya yi ɓarnar da gyaranta sai an sha wuya. Saboda haka wanda ya ƙware a Hausa da Turanci duka biyu, ya kuma san kalmomin gado da aure da ciniki, ya fi daraja a ofishin lauya a ƙasarmu.

RIƘON ASIRI

Na uku shi ne kame baki. Mutum ya kan gaya wa lauyansa abin da bai gaya wa matarsa ba, akawu kuwa shi ke buga shi ya adana. Dokar Shaida ta 2011 ta hana lauya tona abin da mai ƙara ya gaya masa a kan aikinsa, sai da yardar mai shi, ta kuma ce hanin nan ya hau kan akawunsa da tafintansa. Yanzu da waya ke aljihun kowa, ɗaukar hoton takarda a tura wa aboki bai fi ƙiftawar ido ba, amma magana zarar bunu ce. Akawun da ya kai labarin ofis majalisar shayi ya ci amana, ya kuma zubar da mutuncin maigidansa.

KIRA

Muna kira ga lauyoyi su daina ɗaukar yaro don kawai ɗan'uwa ne, su zaunar da shi bakin tebur ba tare da sun koya masa kome ba. Ranar da ya yi kuskure sunan lauya ne zai ɓaci, talakan da ya kawo kuka kuma shi zai yi hasara. A zauna da sabon akawu a nuna masa ƙa'idodin kotunan da ofis ke hulɗa da su, a riƙa tafiya da shi kotu ya ga inda takardunsa ke ƙarewa, a kuma biya shi albashin da zai hana shi miƙa hannu.

Ku kuma samari da 'yan mata, kada ku raina aikin nan. Wanda ya riƙe shi da gaskiya zai fita da sanin da ake nema a kotuna da bankuna da ofisoshin filaye, wanda kuma ya ke da himma ƙofar karatun shari'a a buɗe take gare shi. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.